Nazarin Abubuwan da Ke Maye Gurbin Maɗin Masara a Gashin Kek da Dafa Alewa a Gida

Tsakure

Maɗin masara yana cikin kayan haɗin da suka fi yawan fitowa a tsare-tsaren haɗa kayan zaƙi na Amurka, amma ba a kowace kasuwa ake samunsa ba, wasu kuma suna guje masa don fargabar illarsa ga lafiya. Wannan takarda ta nazarci abubuwan da ake sawa a madadinsa, wato ruwan gulukos, maɗin shinkafa, tsagaggen sukari, zuma, maɗin mapul da ruwan sukari zalla. An auna kowannensu da ayyukan da maɗin masara ke yi a cikin tukunya. Nazarin ya nuna cewa maɗin masara yana hana fitar tsaba ta hanyoyi biyu mabambanta, kuma galibin abubuwan da ake ba da shawarar amfani da su hanya ɗaya kawai suke cikewa. Saboda haka zaɓin madadi ya dogara ga nau'in abin da za a dafa da yanayin wurin da za a ajiye shi.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1811 wani masanin kimiyyar sinadarai mai suna Gottlieb Kirchhoff, wanda ke aiki a birnin Sen Fitasbag na Rasha, ya gano cewa idan aka dafa sitaci da ruwan asid marar ƙarfi, sitacin yana narkewa ya koma ruwa mai zaƙi. Wannan ya zo ne a zamanin da yaƙe-yaƙen Napoleon suka toshe hanyoyin da sukarin rake ke bi ya shiga Turai. Daga baya masana'antar ta fi bunƙasa a Amurka, inda masara ke da yawa da araha, har a 1902 aka fara sayar da maɗin Karo ga masu girki a gida. Tun daga nan littattafan girkin Amurka suka gina tsare-tsarensu a kansa: alewa mai tsinke, karamel, mashmalo, faj, da fai ɗin gyaɗar pikan wanda ya shahara a shekarun 1930.

A yau waɗannan tsare-tsare suna isa ko'ina ta intanet. Mai sana'ar kek a Kano ko Kaduna ko Maraɗi tana iya samun tsarin haɗi cikin minti ɗaya, ta tarar an ce ta zuba rabin kofin maɗin masara, alhali ba ta taɓa ganinsa a kantin da take sayayya ba. Haka abin yake ga masu girki a Ingila da Ostareliya da sauran ƙasashe da dama. Abin da ake yawan gaya mata shi ne ta sa zuma ko ta narkar da sukari da ruwa. Wani lokaci hakan ya yi daidai, wani lokaci kuma kayan haɗin su tafi a banza.

Manufar takardar ita ce gano dalilin wannan saɓani, da fitar da ƙa'idar da mai girki zai dogara da ita wajen zaɓi. Tambayoyin nazarin uku ne. Wane aiki maɗin masara ke yi? Wane madadi ne ke iya yin wannan aiki, kuma zuwa wane mataki? Wane gyara ya kamata a yi wa tsarin haɗi idan an canza?

1.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

A wannan takarda, maɗi na nufin duk wani ruwan zaƙi mai kauri da aka dafa, kamar yadda ake yin maɗin ɗinya ko na rake. Sukuros shi ne farin sukarin da aka sani. Fitar tsaba ita ce komawar narkakken sukari ƙwaya-ƙwaya, abin da masu dafa alewa ke cewa ta yi yashi. Tsagaggen sukari shi ne sukuros da aka raba gida biyu, gulukos da furuktos. Duk ma'aunin zafi da aka ambata na Salshiyas ne.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ayyukan farko a wannan fage an rubuta su ne domin masana'antu. Lees da Jackson (1973) sun bayyana matsayin ruwan gulukos da tsagaggen sukari a matsayin masu hana fitar tsaba, tare da rabon da ya dace da kowane nau'in alewa. Amfanin irin wannan aiki a bayyane yake, sai dai yana ɗaukar cewa mai karatu yana da injin dafawa da damar zaɓar ruwan gulukos iri-iri, abin da mai girki a gida ba shi da shi.

McGee (1984, da bugun da aka sabunta a 2004) da Corriher (1997, 2008) sun sauko da bayanin zuwa ɗakin girki. McGee ya nuna cewa dogayen sarƙoƙin gulukos da ke cikin maɗin masara suna sarƙewa su rage zirga-zirgar ƙwayoyin sukuros. Greweling (2007) kuwa ya kasa kayan zaƙi zuwa masu tsaba da marasa tsaba da masu kumfa da sauransu, kuma wannan rabo shi aka bi a nan.

Daga shekarun 1980 Slade da Levine suka jawo hankalin masana abinci zuwa ga cewa busasshen sukari marar tsaba gilashi ne a mahangar kimiyya, yana da matakin zafin da yake fara laushi. Roos (1993) ya auna wannan mataki ga sukari iri-iri, Hartel (2001) kuma ya tattara abin da aka sani game da fitar tsaba a abinci. Waɗannan ayyuka su ne suka ba da damar bambanta madadi mai hana tsaba kawai da madadi mai hana tsaba tare da ƙarfafa jikin alewa.

Akwai kuma muhawarar lafiya. Bray da Nielsen da Popkin (2004) sun danganta yawan shan maɗin masara mai yawan furuktos da ƙaruwar ƙiba a Amurka, kuma wannan ra'ayi ya yaɗu har ya shafi duk wani abu mai sunan masara. Za a dawo kan wannan a sashe na 6.4.

Giɓin da ya rage yana cikin jadawalin madadi da ake bugawa a ƙarshen littattafan girki. Yawancinsu layi ɗaya suke bayarwa: kofi ɗaya na maɗin masara daidai yake da kofi ɗaya na zuma, ko kofi ɗaya da 'yan kai na sukari a cikin rubu'in kofin ruwa. Ba su faɗin abin da za a dafa, ba su faɗin inda za a ajiye shi. A ganin wannan takarda, nan ne tushen yawancin asarar da masu girki ke yi.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatantawa bisa alƙaluman da aka riga aka wallafa game da sinadaran kowane maɗi, ba a gudanar da sabon gwaji a ɗakin bincike ba. An auna kowane madadi da ma'aunai huɗu: ƙarfin hana fitar tsaba, gudummawarsa ga kauri da taurin jiki, yadda yake jan danshi daga iska, da tasirinsa ga zaƙi da launi da ƙamshi. Sannan aka kasa kayan zaƙi bisa zafin da ake kai su, domin zafin tafasa shi ke nuna yawan ruwan da ya rage. An taƙaita nazarin ga abin da ake iya yi da tukunya da murhu da ma'aunin zafi na hannu.

4.0 Ayyukan Maɗin Masara

4.1 Abin da Ke Cikinsa

Sitaci doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin gulukos. Idan aka sa masa asid ko enzayim, sarƙar tana tsinkewa, kuma mai sarrafawa yana iya tsayar da aikin a inda ya so. Ana auna nisan tsinkewar da ma'aunin DE, wanda a kansa sitaci ke kusa da sifili, tsantsar gulukos kuma ke 100. Abin da ya gaza 20 ana kiransa maltodestirin. Daga 20 zuwa sama shi ne ruwan gulukos. Wanda masu alewa suka fi amfani da shi yana wajen 42. A wannan mataki maɗin cakuɗe ne: akwai gulukos guda-guda, akwai maltos mai ƙwaya biyu, akwai kuma kaso mai yawa na sarƙoƙin da ba su gama tsinkewa ba. Ruwan da ke cikinsa kimanin kashi 20 zuwa 24 ne cikin 100, zaƙinsa kuwa bai kai rabin na sukuros ba. Maɗin masara da ake sayarwa a Amurka iri biyu ne: fari mai ɗan gishiri da banila, da baƙi wanda aka gauraya da maɗin rake.

4.2 Hana Fitar Tsaba

A digiri 20, giram 100 na ruwa yana narkar da kimanin giram 200 na sukuros. A digiri 100 yana narkar da kusan 487. Ke nan duk lokacin da aka dafa ruwan sukari ya yi kauri sannan ya huce, yana ɗauke da sukarin da ya fi ƙarfinsa. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a gefen tukunya, ko juyawa da cokali a lokacin da bai dace ba, ya isa ya sa dukkan abin ya koma yashi.

Ƙwayoyin sukuros suna jeruwa ne kamar tubalin gini mai girma ɗaya. Idan aka cusa tubalin da ya sha bamban a cikin sahu, ginin ba zai hau ba. Wannan ita ce hanya ta farko, kuma kowane baƙon sukari yana iya yin ta, ko gulukos ko furuktos ko maltos. Hanya ta biyu ta dogayen sarƙoƙi ce kaɗai: suna ƙara wa ruwan kauri har ƙwayoyin sukuros su kasa isa ga juna da sauri. Maɗin masara yana da duka biyun.

4.3 Ƙarfafa Jiki

Nan ne bambancin da ke tsakanin madadai ya fi fitowa. Bisa awon Roos, busasshen sukuros marar tsaba yana fara laushi a wajen digiri 62, maltos a 87, gulukos a 31, furuktos kuwa a digiri 5 kacal. Cakuɗen sukari yana samun mataki a tsakanin na abubuwan da ke cikinsa, kuma ɗan ruwa kaɗan yana saukar da matakin ƙwarai. Dogayen sarƙoƙin sitaci suna ɗaga shi sama, furuktos yana jan sa ƙasa. Idan matakin ya sauko ya yi daidai da zafin ɗaki, alewar da ta kamata ta fashe a baki sai ta riƙa lanƙwasa, ta manne wa takardar da aka naɗe ta, daga bisani ta baje. Ƙari a kan haka, furuktos ya fi sauran jan danshi daga iska, danshin kuma ya ƙara saukar da matakin. Matsala biyu ne masu ciyar da juna.

Dogayen sarƙoƙin nan su ne kuma ke ba karamel da tofi danƙon da ake ji wajen tauna, su ke riƙe kumfar mashmalo, su ke sa fondan ɗin rufe kek ya miƙe ba tare da ya tsage ba.

4.4 Zaƙi da Launi

Da yake zaƙinsa kaɗan ne kuma ba shi da wani ƙamshi na kansa, maɗin masara yana ƙara jiki ba tare da ya sa abin ya gundiri mai ci ba. Game da launi, gulukos da furuktos suna haɗuwa da furotin ɗin madara ko ƙwai su yi ja, wanda shi ne sauyin da Maillard ya bayyana a 1912. Sukuros ba ya shiga wannan sauyi sai ya tsage. Furuktos kuma yana soma ƙonewa a zafin da bai kai na sukuros ba.

5.0 Nazarin Madadai

5.1 Ruwan Gulukos

Wannan shi ne madadin gaskiya, domin a zahiri abu ɗaya ne da maɗin masara. Bambancin tushen sitacin ne kawai: a Turai akan yi shi da alkama ko dankalin Turawa, a Tailan da rogo. Da zarar an tace shi, tukunya ba ta san daga wane tsiro ya fito ba. Ana samunsa a shagunan kayan kek a manyan birane, a cikin roba, fari tas, mai kauri har cokali ya tsaya a ciki. Kaurin nan shi ne abin lura: ruwansa ya ɗan gaza na maɗin Amurka, don haka a abin da ba za a tafasa ba yana da kyau a sassauta shi da ƙaramin cokalin ruwa ɗaya ko biyu a kowane giram 100. A abin da za a tafasa ba a bukatar gyara. Auna shi da sikeli ya fi auna shi da kofi, saboda yawan abin da ke maƙalewa a jikin kofin; kofin Amurka ɗaya na maɗin masara yana wajen giram 330.

5.2 Maɗin Shinkafa da na Tsiron Hatsi

Jafanawa suna da mizuwame, Koriyawa da Sinawa ma suna da nasu maɗin, waɗanda tun asali ake yi ta barin enzayim ɗin tsiron hatsi ya narkar da dafaffiyar shinkafa. Maltos da sarƙoƙi ne suka fi yawa a cikinsu, furuktos kuwa kusan babu. Ta fuskar ma'aunai uku na farko suna biye wa ruwan gulukos kai tsaye. Na shinkafa marar gyara yana da ɗan launi da ƙamshin hatsi, wanda ya dace da karamel da kantun riɗi amma zai dusashe alewar da ake so ta fito garau.

5.3 Tsagaggen Sukari

Idan aka dafa sukuros da ɗan asid, kowace ƙwaya tana karɓar ƙwayar ruwa ta rabu biyu: giram 342 na sukuros da giram 18 na ruwa suna ba da giram 360 na gulukos da furuktos. Maɗin Lyle's Golden Syrup, wanda kamfanin Abram Lyle ya fara sayarwa a gwangwani a Landan a 1885, irin wannan ne, sai dai wani ɓangare na sukarin kawai aka tsaga. A gida akan haɗa kilo ɗaya na sukari da kimanin rabin litar ruwa da giram ɗaya na asid ɗin sitirik ko hodar tartar, a dafa a hankali ba tare da juyawa ba har zafi ya kai 114, ana goge gefen tukunya da jiƙaƙƙen burushi don kada tsaba ta taru, sannan a bari ya huce a rufe.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga mata masu yin alkaki. Idan suka dafa sukarin da za su tsoma alkaki a ciki, sukan zuba ruwan tsamiya ko na lemun tsami, su riƙa ɗiba da cokali suna taɓawa tsakanin yatsa biyu har ya yi zare. Alkakin da aka tsoma a irin wannan ruwa yana fitowa da sheƙi, ya daɗe bai yi fari-fari a baya ba. Wanda aka tsoma a ruwan sukari zalla kuwa, yana hucewa sukarin ke bushewa a jikinsa. Tsagawar sukari ce suke yi, kuma ga wannan aiki ta wadatar.

Iyakarta ita ce hanya ta farko kaɗai take cikewa. Babu doguwar sarƙa ko ɗaya a ciki, rabin abin da aka tsaga kuma furuktos ne. Tana hana tsaba sosai, tana riƙe laushin kek, amma tana raunana jikin alewa mai tauri, ga ƙarin zaƙi. Akwai kuma batun rashin tabbas idan aka zuba tsamin kai tsaye a tukunyar alewa. Yawan abin da zai tsage ya dogara ga yawan tsamin, da zafi, da tsawon lokaci. Tukunyar da ta ɗauki minti 40 a kan garwashi za ta tsage fiye da wadda ta ɗauki minti 15 a kan gas, ko da lemun tsami ɗaya aka matsa musu. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa kuma yana kashe wani ɓangare na tsamin. Wannan ne ya sa tsari ɗaya ke ba mutum biyu sakamako daban, kuma ya sa ya fi dacewa a dafa tsagaggen sukarin daban, a auna abin da ake so daga ciki.

5.4 Zuma

Zuma tsagaggen sukari ce ta halitta: kimanin kashi 38 furuktos, kashi 31 gulukos, kashi 17 zuwa 18 ruwa. Duk abin da aka faɗa a 5.3 ya hau kanta, har ma da ƙari, domin furuktos ɗinta ya rinjayi gulukos. Tana da tsami, tana da ƙamshin da ke danne na sauran kayan haɗi, kuma zafin da alewa mai tauri ke bukata yana ƙona ta ya kore ƙamshin da aka saye ta dominsa. Ɗanyar zuma tana ɗauke da enzayim mai narkar da sitaci, wanda kan tsinka abin da aka kaurara da garin masara idan aka zuba ta bayan an sauke. Likitoci sun hana ba jaririn da bai shekara ba zuma, kuma gashi ba ya ɗauke wannan hani.

5.5 Maɗin Mapul, Mazarƙwaila da Ruwan Sukari Zalla

Maɗin mapul, wanda lardin Kubek na Kanada ya fi kowa samarwa, kashi 66 ne sukari, kuma kusan duka sukuros ne. Mazarƙwaila ma sukuros ce ta fi yawa a cikinta. Ruwan sukari zalla kuwa sukuros ne tsantsa. Ƙara sukuros a kan sukuros ba ya hana tsaba. Waɗannan uku suna ba da zaƙi da danshi, biyu na farko da ƙamshi, amma a harkar alewa ba madadai ba ne.

6.0 Aiwatarwa

6.1 Gyaran Zafin Tafasa

Littattafan alewa sun saba kasa dahuwar sukari mataki-mataki, kuma ana iya gane su ta ɗiga kaɗan a ruwan sanyi. Daga 112 zuwa 116 ɗigon yana dunƙulewa da laushi, ya baje idan an ɗora shi a tafin hannu. Daga 118 zuwa 120 dunƙulen yana tsayawa. Daga 121 zuwa 130 yana tauri. Daga 132 zuwa 143 yana zama zare mai lanƙwasa, daga 149 zuwa 154 kuma zaren yana karyewa da ƙara, ruwan da ya rage bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba.

Abin da jadawalin madadi ba su ambata ba shi ne cewa zafin tafasa yana bin yawan ƙwayoyin da suka narke ne, ba nauyinsu ba. Tsagaggen sukari da zuma ƙananan ƙwayoyi ne masu yawa, don haka suna ɗaga zafin tafasa fiye da maɗin masara mai nauyi ɗaya da su. Sakamakon shi ne ma'aunin zafi zai nuna an kai inda ake so alhali ruwan da ya rage ya fi yadda tsarin ya nufa. Wanda ya maye maɗin masara da zuma a karamel ya sauke a 119 zai sami karamel mai laushi fiye da kima. Gyaran shi ne a ƙara digiri ɗaya ko biyu, a kuma tabbatar da gwajin ruwan sanyi.

Tsayin wuri ma yana da tasiri. Zafin tafasar ruwa yana raguwa da kusan digiri ɗaya a duk mita 300. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen 96, don haka sai a rage kusan digiri 4 daga duk alƙaluman da ke sama.

6.2 Alewa

A alewa mai tauri, masana'antu sukan sa kimanin kashi 60 na sukari da kashi 40 na ruwan gulukos. Ba za a iya sa tsagaggen sukari ko zuma da wannan yawa ba. Idan dole ne a yi amfani da su, sai a rage su ƙwarai, a naɗe alewar da zarar ta huce, a kuma sani ba ta ajiya ba ce. Yanayi yana da hannu a nan. A lokacin hunturu, sa'ad da danshin iska a Kano kan sauka zuwa wajen kashi 20, alewar da aka yi da lemun tsami tana iya daɗewa da ƙarfinta. A watan Agusta, da danshin ya haura kashi 70, irin wannan alewa tana fara naso cikin ɗan lokaci. A bazara kuma, inda zafin Sakkwato ke wuce 40, laushi ne ke kama ta tun kafin danshi. Ga mai yin alewa don sayarwa, ruwan gulukos ko maɗin shinkafa ne kawai abin dogaro.

Karamel da tofi da iloka suna da sassauci, domin mai da furotin ɗin madara ma suna tare tsaba. Golden Syrup da zuma suna aiki a cikinsu idan an yi gyaran 6.1, ko da yake danƙon zai ragu, launin kuma zai fi duhu. Mashmalo yana yiwuwa da tsagaggen sukari, sai dai yana fin zaƙi da mannewa.

Faj da fondan ɗin dafawa da danginsu irin su tuwon madara wani babi ne daban, domin a nan ana son tsaba, amma ƙanana ƙwarai yadda harshe ba zai ji su ba. Mai hana tsaba kaɗan ake bukata, kuma kowanne daga 5.1 zuwa 5.4 ya isa. A faj, abin da ya fi muhimmanci shi ne a bari ya huce zuwa wajen 43 kafin a fara bugawa. Idan mai hana tsabar ya yi yawa, abin ba zai kama jikinsa ba ko kaɗan.

6.3 Gashi

A kek da biskit da burodi mai zaƙi fitar tsaba ba ita ce damuwa ba, don haka ƙofa a buɗe take. Zuma ko Golden Syrup ko tsagaggen sukari suna shiga nauyi da nauyi, har ma sun fi maɗin masara riƙe laushi. Gyara uku ake bukata: a ɗan rage sukarin da ke cikin tsarin saboda ƙarin zaƙi, a sauke zafin tanderu da kimanin digiri 15 saboda saurin yin ja, idan kuma zuma ce mai yawa a sa ɗan bekin soda don ya daidaita tsaminta. Maɗin mapul yana da ruwa fiye da maɗin masara da kusan giram 10 a kowane giram 100, sai a rage wannan daga madara ko ruwan haɗin. A fai ɗin pikan, ƙwai ne ke kama cikin, don haka madadai da yawa suna aiki. Wanda aka yi da mapul ko ruwan sukari kuwa yana iya tsinkewa ko ya yi yashi bayan ya kwana.

6.4 Batun Lafiya

Maɗin masara mai yawan furuktos wani abu ne daban. Ana samunsa ta sa wani enzayim ya juya wani ɓangare na gulukos zuwa furuktos, hanyar da Marshall da Kooi suka bayyana a 1957, aka inganta ta a Jafan a shekarun 1960. Nau'o'insa da aka fi sani suna da furuktos kashi 42 da kashi 55, kuma a 1984 kamfanonin Coca-Cola da Pepsi suka rungume shi a lemunansu na Amurka. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da bukatar masu sarrafa masara ta a sauya masa suna. Ruwan gulukos na girki kuwa, idan ba a gauraya shi ba, ba shi da furuktos. Wanda ya bar shi ya koma zuma don gudun furuktos ya ƙara abin da yake gudu ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015, wadda ta nemi a riƙe sukarin da ake ƙarawa a ƙasa da kashi 10 na kuzarin abincin yini, ta haɗa zuma da kowane irin maɗi a lissafi ɗaya.

7.0 Shawarwari

Masu koyar da sana'ar kek da masu fassara tsare-tsaren girki su daina ba da madadi a layi ɗaya. Su riƙa faɗin nau'in abin da madadin ya dace da shi, su kuma rubuta awo da giram. Mai girkin da ya ga maɗin masara a tsari ya fara duba zafin da za a kai abin: idan ya haura 130, ya nemi ruwan gulukos, idan gashi ne, abin da ke hannunsa ya wadatar.

Ga masu bincike, akwai aikin da ke jira. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, tsiron dawa da ɗanyen dankalin Hausa kuma suna ɗauke da enzayim masu narkar da sitaci, kamar yadda masu kunun zaƙi suka daɗe suna amfana da su. Ana kira ga sassan kimiyyar abinci na jami'o'i da kwalejojin fasaha su fitar da tsari mai sauƙi, mai tabbataccen awo, na yin maɗin maltos daga sitacin rogo a matakin ƙananan masana'antu, su kuma gwada ƙarkon alewar da aka yi da shi a damina da bazara.